Tallafin Hukuma ga Ƙananan Ƙungiyoyin Fasaha na Karkara: Waiwaye a kan Tarihin Amurka, 1914 zuwa 2025

1.0 Gabatarwa

Manufar Al'adu ta Nijeriya wadda aka ƙaddamar a 1988 ta yi alkawarin kafa asusu na ƙasa don tallafa wa masu fasaha, kuma a 1991 gwamnatin soja ta yi dokar da ta samar da shi a takarda. Sunan da aka raɗa masa daidai yake da na wani asusu da Amurka ta kafa tun 1965, wanda aka fi sani da NEA. Shekara da shekaru marubuta da 'yan wasan kwaikwayo suka yi suna kukan cewa namu bai tashi ba, kuma duk lokacin da aka yi wannan kuka akan buga misali da na Amurka, kamar dai a can da zarar an kafa asusun sai kuɗi suka shiga kwarara har ƙauyen ƙayau.

Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin Amurka ɗin ne domin a ga yadda abin ya kasance ga ƙananan ƙungiyoyi na karkara da na unguwannin marasa galihu. Da kalmar fasaha muna nufin wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa da raye-raye da zane da sassaƙa da saƙa da adabi. Abin da nazarin zai nuna shi ne, samuwar asusu daban, isar kuɗinsa ƙauye daban. Abubuwa biyu ne suka riƙa hukunta isarsu: tsayin sharuɗɗan da aka gindaya a bakin ƙofa, da kuma samun mutumin da zai taka ya je ya nemo masu fasahar a inda suke. A bayan waɗannan biyu kuwa akwai siyasa, wadda ta fi tunawa da ƙauye a ranar da asusun kansa yake neman wanda zai kare shi.

2.0 Kafin a Kafa Asusu

Abin mamaki, tallafin hukuma na farko da ya isa karkarar Amurka ta ƙofar aikin gona ya shiga. A 1914 Majalisar Dokoki ta zartar da dokar Smith-Lever, wadda ta kafa tsarin tura malaman gona daga kwalejojin noma na jihohi zuwa gundumomi. Damuwar hukuma a lokacin ita ce matasa suna gudun ƙauye, kuma an fahimci cewa ba talauci kaɗai ke korarsu ba, har da kaɗaici da rashin abin ɗebe kewa. A wannan shekara ce Alfred Arvold, malami a Kwalejin Aikin Gona ta Dakota ta Arewa da ke Fargo, ya mayar da wani tsohon ɗakin ibada na kwalejin ya zama ƙaramin dandalin wasan kwaikwayo. Da gangan ya bar shi ƙarami, domin ɗalibansa, 'ya'yan manoma, su ga cewa za su iya yin irinsa a ɗakin taron garinsu idan sun koma gida. Haka kuma ya riƙa aika wa malaman makarantun ƙauye rubutattun wasanni ta gidan waya, su yi amfani da su su mayar. Babu wanda ya cika takardar neman tallafi a wannan tsari. Hukuma tana biyan albashin malami, shi kuma yana kai kayan aiki ga jama'a.

Gwaji na biyu ya fi girma nesa ba kusa ba, amma bai daɗe ba. A 1935, cikin tsananin karyewar tattalin arziki, gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa shirin wasan kwaikwayo na tarayya a ƙarƙashin Hallie Flanagan, wanda a ganiyarsa ya ɗauki sama da mutum 12,000 aiki. Burin Flanagan shi ne kowane yanki ya samu dandalinsa mai magana da bakin mutanensa. Sai dai doka ta ce kuɗin na ƙwararrun da suka rasa aiki ne, su kuwa ƙwararrun 'yan wasa a Niyok da Shikago da Los Anjeles suke zaune, saboda haka can mafi yawan kuɗin suka tsaya. A Disambar 1938 wani kwamitin Majalisar Wakilai mai farautar 'yan kwaminis ya kira Flanagan, har wani ɗan majalisa daga Alabama, Joe Starnes, ya tambaye ta ko Christopher Marlowe ɗan kwaminis ne, alhali marubucin ya mutu tun 1593. An yi dariya a zauren, amma a ƙarshen Yunin 1939 Majalisa ta yanke kuɗin shirin baki ɗaya.

3.0 Dokar 1965 da Sharuɗɗanta

Ranar 29 ga Satumba, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa NEA. Kasafinsa na shekarar farko bai kai dala miliyan 3 ba, kuma tallafin farko da ya bayar, dala 100,000, ga wata babbar ƙungiyar rawar bale ta Niyok ya tafi. Wannan ya dace da tunanin waɗanda suka kafa shi, wato a ceto manyan cibiyoyin fasaha daga fatara, sannan a kai wa sauran jama'a abin da waɗannan cibiyoyi suka samar. A wannan mahanga ɗan ƙauye ɗan kallo ne da za a kai wa wasa, ba a ɗauke shi mai nasa wasan ba.

Ya kamata a tsaya a kan sharuɗɗan, domin su ne gindin maganar. Na farko, doka ta ce a bisa ƙa'ida tallafin tarayya ba zai wuce rabin kuɗin aiki ba. Duk dalar da aka ba ƙungiya sai ta nemo wata dalar daga wani wuri. An yi haka da kyakkyawar niyya, don kada hukuma ta mallake fasaha, kuma don a zaburar da masu hannu da shuni. Amma ƙungiyar makaɗa ta babban birni tana da attajirai da gidauniyoyi a maƙwabtanta, ita kuwa ƙungiyar garin masu haƙar kwal wa za ta roƙa? Na biyu, sai ƙungiya ta yi rajista a matsayin wadda ba ta neman riba, hukumar haraji ta amince da ita, abin da ke bukatar lauya da akanta da kwamitin amintattu. Na uku, kwamitocin ƙwararru ne ke tantance takardu, kuma ma'auninsu shi ne ingancin fasaha. To, ingancin da idon wa? Mutumin da ya tashi a gidajen wasan Niyok, idan aka ajiye masa takardar tsofaffin mata masu ɗinkin bargon gyauto a duwatsun Kentaki, da wuya ya san inda zai aza ta a sikeli. Ke nan ba a rubuta ko'ina cewa an hana ƙauye ba, amma an gina ƙofar daidai tsayin mutanen birni.

4.0 Masu Shiga Tsakani

Wanda ya fara keta wannan shinge magajin tsarin Arvold ne. Robert Gard ya zo Jami'ar Wiskonsin a 1945, a sashen da ke kai ilimin jami'a ga jama'ar waje, ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka yana ƙarfafa manoma da matansu su rubuta wasanni da labarai game da rayuwarsu, har aka kafa ƙungiyar marubutan karkara ta jihar a 1948. Shi ne ya samo tallafin NEA na farko da aka keɓe wa karkara, aka gudanar da gwaji daga 1967 zuwa 1969 a garuruwa biyar waɗanda kowannensu bai kai mutum 10,000 ba: Portage da Waupun da Rhinelander da Spring Green da Adams-Friendship. Abin lura a nan shi ne, ba garuruwan ne suka nemi kuɗin ba. Jami'a ce ta nema, da akantocinta da sunanta, sannan mutumin da ya riga ya san hanyoyin ya kai su.

A zamanin shugabancin Nancy Hanks, daga 1969 zuwa 1977, kasafin asusun ya ninka fiye da sau goma, kuma a cikin wannan yalwa ne aka buɗe ƙofofi biyu da suka fi amfanar ƙananan ƙungiyoyi. Ta farko ita ce sashen faɗaɗa fasaha, Expansion Arts, wanda aka kafa a 1971 a ƙarƙashin Vantile Whitfield, ɗan wasan kwaikwayo baƙar fata. An keɓe shi ga ƙungiyoyin da suka tsiro daga cikin al'ummarsu: unguwannin baƙar fata, da masu jin harshen Sifaniyanci, da 'yan asalin ƙasar, da mutanen karkara. Muhimmancinsa shi ne yana da kwamitin tantancewa nasa na kansa, wanda ya ƙunshi mutanen da suka fito daga irin waɗannan wurare. Wato an daina auna su da sikelin wasu.

Misali mafi bayyana na irin ƙungiyoyin da suka rayu a wannan zamani shi ne Appalshop, a garin Whitesburg na gabashin Kentaki, gari mai mutane kimanin 2,000 a tsakiyar yankin haƙar kwal na Apalashiya. An kafa ta a 1969 da kuɗin shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya, da nufin koya wa matasa aikin fim don su samu aiki, wanda a zahiri yana nufin su bar gida. Matasan suka ƙi tafiya. Suka juya kyamarorinsu ga iyayensu da kakanninsu, ga masu haƙar kwal da ungozomai da makaɗa da masu wa'azi. Da kuɗin farko suka ƙare, suka yi rajista a matsayin ƙungiya mai zaman kanta, kuma tallafin NEA yana cikin abin da ya riƙe su. A 1975 suka fitar da fim a kan fashewar madatsar wani kamfanin kwal a Buffalo Creek, wadda ta hallaka mutum 125 a 1972. A wannan shekara ta 1975 kuma suka kafa reshen wasan kwaikwayo, Roadside Theater, mai gina wasanninsa a kan tatsuniyoyi da waƙoƙin yankin, ana yin su a majami'u da makarantu ba tare da kayan ƙawa ba. A 1985 suka buɗe gidan rediyo.

Manazarta harshe za su so su san cewa karin Ingilishin Apalashiya abin ba'a ne a finafinan Amurka, alamar ƙauyanci da jahilci. Appalshop ta naɗi wannan karin harshe a bakin masu shi har tsawon fiye da shekara 50, ta tara taskar murya da hoto. Ambaliyar watan Yulin 2022 ta shiga ginin ta jiƙa wannan taska, aka yi ta fafutikar ceto abin da za a iya cetowa. Duk wanda aiki ya raba shi da gida, ya san yadda kunne ke miƙewa idan ya ji karin garinsu a bakin baƙo, zai fahimci girman abin da ruwan ya taɓa.

Ƙofa ta biyu ita ce sashen fasahar gargajiya, wanda Alan Jabbour ya fara a 1974, Bess Lomax Hawes kuma ta karɓa a 1977 ta riƙe har 1992. A ganinmu, a duk tsawon wannan tarihi babu wanda ya fahimci matsalar kamar Hawes. Ta lura cewa maƙeri ko masaƙiya ko mai goge ba zai taɓa rubuto takardar neman tallafi ba, domin bai san da asusun ba, kuma sau da yawa bai ɗauki kansa mai fasaha ba. Don haka ta karkata kuɗi ga biyan albashin farko na jami'in al'adun gargajiya a jihohi, da fatan jiha za ta ci gaba da biya daga baya. Aikin wannan jami'i shi ne ya shiga mota ya bi ƙauyuka, ya gano masu sana'a, ya naɗi aikinsu, ya taimaka musu da takardu. Kafin ta yi ritaya kusan kowace jiha ta samu irin wannan jami'i. Daga nan aka samu tsarin almajiranci, inda ake ba gwani ɗan kuɗi kaɗan ya koyar da wani matashi na 'yan watanni. A 1982 kuma aka fara ba da lambar girma ta ƙasa ga gwanayen gargajiya, kuma cikin rukunin farko akwai Philip Simmons, maƙeri daga Charleston, da Dewey Balfa, mai goge daga cikin masu jin Faransanci na Luwiziyana. Idan aka duba da kyau, malamin gona na 1914 ne ya dawo da sabuwar riga.

5.0 Rikici, da Yadda Karkara ta Zama Garkuwa

A 1981 gwamnatin Shugaba Ronald Reagan ta nemi a rage kasafin asusun da rabi, Majalisa ta rage kimanin kashi 10 cikin 100 kawai. Babbar guguwa sai a 1989 ta taso, a kan hotunan masu ɗaukar hoto biyu, Andres Serrano da Robert Mapplethorpe, waɗanda cibiyoyin da suka samu kuɗin NEA suka tallafa wa ko suka baje kolinsu. Jama'a da yawa sun ɗauki hotunan a matsayin cin zarafin addini da batsa, kuma Sanata Jesse Helms na Karolina ta Arewa ya jagoranci yaƙin. A 1990 Majalisa ta shigar da sharaɗin la'akari da ɗa'a a cikin dokar asusun, sharaɗin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1998.

Babu hannun ƙungiyoyin karkara a wannan rikici, amma ya shafe su ta fuska biyu masu karo da juna. A gefe guda ya amfane su. Masu suka sun riƙa nuna cewa kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ga 'yan manyan birane, alhali mazaɓu da yawa ba su ganin ko sisi. Don amsa wannan suka, dokar 1990 ta ƙara kason da ake miƙa wa hukumomin fasaha na jihohi, wanda a da yake kashi 20 cikin 100, ta kuma keɓe wani kaso musamman don karkara da unguwannin marasa galihu. Daga kasafin 1998 kason jihohi da yankuna ya kai kashi 40 cikin 100. Tun da kowace jiha tana da rabo na tilas, jihohi masu ƙarancin jama'a irin su Wayomin da Montana sun samu fiye da abin da gasa za ta ba su.

A ɗaya gefen kuma ya cuce su. A kasafin 1996 Majalisa ta zabtare kuɗin asusun daga dala miliyan 162 zuwa miliyan 99.5, ta hana ba ɗaiɗaikun masu fasaha tallafi sai a 'yan fannoni kaɗan, ta kuma hana ba da kuɗin gudanar da ƙungiya na yau da kullum. Daga nan sai dai tallafin aiki guda mai farko da ƙarshe. A sake fasalin da ya biyo baya aka rushe sassan fannoni, Expansion Arts ya tafi tare da kwamitinsa. Wannan hani na kuɗin gudanarwa ya fi yi wa ƙanana illa, domin babbar cibiya tana da hanyoyi goma na biyan haya da wuta, ita kuwa ƙungiya mai ma'aikaci ɗaya abin da take nema ke nan. Laifin babba, an ce, rowa; amma a nan yaro ne ya sha bulalar.

A 1997 Majalisar Wakilai ta zartar da kasafin da babu ko dala ɗaya ta asusun a ciki, Majalisar Dattawa ce ta cece shi. Shugabannin asusun sun koyi darasi. Bill Ivey, wanda ya karɓi shugabanci a 1998, masanin al'adun gargajiya ne da ya daɗe yana jagorantar gidauniyar kiɗan karkara a Nashville, kuma zaɓensa kansa saƙo ne ga Majalisa. Ya fara da wani shiri na musamman ga jihohi 20 da ba su cika samun tallafi ba, sannan a kasafin 2001 ya samo ƙarin dala miliyan 7 don sabon shiri mai suna Challenge America. Wannan shi ne ƙarin kirki na farko tun 1992, kuma da sunan marasa galihu aka samo shi. Magajinsa na baya, Dana Gioia, wanda ya yi shugabanci daga 2003 zuwa 2009, ya mai da shi manufa a fili cewa kowace mazaɓar Majalisar Wakilai ta samu aƙalla tallafi ɗaya. Hikimar a bayyane take. Ɗan majalisar da aka ɗauki hotonsa a bikin makaɗan garinsu zai yi nauyin bakin neman a rushe asusun. Ba ma cewa babu gaskiyar niyya a zukatan waɗannan shugabanni. Ivey ya yi rayuwarsa a wannan fage. Amma Majalisa ba don niyyarsu ta ba da kuɗin ba. Dabarar ta yi aiki kuwa, domin daga 2017 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta farko ta yi ta ba da shawarar a rufe asusun shekara bayan shekara, Majalisa kuma, har da 'yan jam'iyyarsa na jihohin karkara, ta ƙi.

6.0 Challenge America da Shekarar 2025

A siffar da ya zauna a kanta, Challenge America ya kasance tallafi na dala 10,000 ga ƙaramar ƙungiya, don aiki guda da zai isa ga mutanen da nisa ko talauci ko ƙabila ko naƙasa suka tauye wa samun fasaha. An sauƙaƙa takardunsa, an gaggauta tantancewarsa, kuma masu nemansa da junansu suka riƙa gasa, ba da manyan gidajen tarihi ba. Sharaɗin nemo dala a kan dala bai gushe ba, haka ma sharaɗin rajista da na nuna tarihin aiki na 'yan shekaru, saboda haka ƙungiyar da ba ta da takarda ko ɗaya tana waje har a wannan shiri. Kuɗin ma ba su taka kara sun karya ba. Amfaninsu mafi girma shi ne tambarin, domin ƙungiyar da gwamnatin tarayya ta amince da ita takan samu sauƙin shawo kan bankin garinsu ko majalisar gunduma su ba da nasu.

A Janairun 2025 asusun ya sanar da ƙungiyoyi 272 da suka ci wannan tallafi, jimillar dala miliyan 2.72, daga kasafin da ya kai dala miliyan 207 a shekarar da ta gabata. Wato shirin da ya fi kowane suna wajen kula da marasa galihu bai kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun ba. A watan Fabrairu, makonni kaɗan bayan dawowar Trump mulki da umarninsa na kawar da shirye-shiryen da suka danganci bambancin jinsi da launi a ma'aikatun tarayya, asusun ya soke zagayen Challenge America na kasafin 2026. Aka ce wa masu nema su shiga babban layin tallafin ayyuka, inda aka ba da fifiko ga bukukuwan cikar Amurka shekara 250 da samun 'yanci. Ranar 2 ga Mayu, 2025, gwamnati ta sake gabatar da shawarar rufe asusun, kuma a daren wannan rana ɗaruruwan ƙungiyoyi suka samu wasiƙa ta intanet cewa an janye ko an dakatar da tallafin da aka riga aka yi musu alkawari. An ba su kwana bakwai su ɗaukaka ƙara.